ITATUWAN GANDUN DAJIN "W" DA NA GONAKINMU
Jawabin da aka yi a taron ƙungiya

 

Yau muna so mu yi muku bayani bisa gandun dajin "W", can kudu da Yamai, iyaka da Benin da Burkina Faso. An ba shi wannan suna domin kogin Isa ya yi lanƙwasa a wurin kamar harafin W na boko. A 1954 aka kafa shi. Kason Nijar hekta 220.000 ne, kuma a 1996 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Mutane suna jin labarin giwa da ɓauna, amma itace ne ke riƙe da su. To, waɗanne itatuwa ne? Duk kun san su. Bakin rafin Tapowa da Mekuru akwai kanya, da maɗaci, da marke. Bisa tudu mai tsakuwa, taramniya da geza sun fi yawa. Tsamiya tana son gindin suri. Kuka kuwa, inda ta taru da yawa, sau tari kufai ne: mutane sun zauna nan tun da daɗewa. Da rani giwa kan ɓare bawonta ta ci, saboda damshin da ke ciki.

Ba Turawa suka kawo ko ɗaya ba. Irinsu ne kakanninmu suka tarar a nan. A lakwal, in mun tambayi yara wa ya taɓa ganin kirya a tsaye, kaɗan ke ɗaga hannu. Gatari da fari na 1973 da 1984 sun cinye su.

Amma akwai magani. Tun wajen 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka kama sassaben zamani: in kututture ya toho, a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura. Da haka kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo. Ku dubi gawo: da damina yakan zubda ganye, bai tsare wa hatsi rana, ga taki, da rani ga 'ya'ya don bisashe.

Roƙonmu biyu ne. Dattawa, ku tsawata a daina saran ɗanyen icce. 'Yan bida, in kun aiko kuɗin sassabe bana, ku haɗa da saƙo: a bar toho.

Allah ya ba mu damina mai albarka.