Kwaɗi da Hanyar Mota a Farkon Damina



Jawabin nan ya shafi wata halitta wadda ba a cika kula da ita ba, watau kwaɗo. Duk direban da ya saba tafiyar dare tsakanin Inugu da Anacha, ko ya bi ta Lokpanta zuwa Fatakwal, ya san abin da kan faru a daren ruwan fari, wajen watan Maris ko Afrilu. Kwaɗi kan fito rututu su hau kwalta. Kafin gari ya waye tayoyi sun bi ta kansu, sai fatu manne da hanya.

Maƙwabta Ibo suna da karin magana mai cewa kwaɗo ba ya gudu da rana tsaka a banza. To, da dare ma ba a banza yake fita ba. Da rani yakan ɓuya cikin rami ko ƙarƙashin itace, inda akwai laima. Ruwa na sauka sai ya nufi kududdufi, domin a cikin ruwa ne kaɗai macen ke zuba ƙwai, dubbai a jere kamar tsakiya a zare. Hanyar mota kuwa sau da yawa ta ratsa tsakanin maɓoyarsa da ruwan. Mace ɗaya da mota ta take kafin ta isa, an yi asarar ƙwan shekara ke nan. Akwai kuma fitilun titi, waɗanda kan tara shinge a bisa kwalta, kwaɗi su biyo abinci su gamu da ajalinsu.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan kasuwa da kwaɗo? Amsa tana cikin rumbu da shago. Kwaɗo yakan kwana yana cin gara da kyankyasai da ƙwarin da ke ɓata shuka, ba a biyansa ko kwabo. 'Ya'yan burduddugi, tun suna da wutsiya cikin ruwa, sukan ci tsutsar sauro. Malamai kuma sun san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo cikin magani, aka hana shi kashe shi. Amma duk da haka halittar tana raguwa. Wani babban bincike da aka bayyana a 2023 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar ƙarewa.

A ƙasar Ingila mutane sun daɗe da mai da wannan al'amari aikin sa kai. A ƙarshen hunturu sukan fita da bokiti da tocila, su tsince kwaɗi daga hanya su kai su tsallake. A 1987 aka gina wa kwaɗi mashigi ƙarƙashin hanya kusa da garin Henley, kuma kusa da birnin Bath akwai wata 'yar hanya da akan rufe har mako shida kowace shekara saboda su. Lissafin da waɗannan 'yan sa kai suka riƙa rubutawa shi ne ya tona, a 2016, cewa kwaɗin ƙasar sun ragu da kashi 68 cikin ɗari a shekara talatin. Abin mamaki, ba manyan masana suka tara ƙidayar ba, talakawa ne masu bokiti.

A nan ba sai an haƙa sabon mashigi ba. Kusan kowace hanya tana da kwalbati a inda ruwa ke wucewa, kuma nan ne kwaɗo zai bi in ya same ta a buɗe. Abin takaici shi ne yawancinsu sun toshe da leda da robobi da yashi. Saboda haka aikin da ya fi kowane amfani shi ne aikin gayya: sarkin Hausawa ya sa rana kafin ruwan fari, samarin unguwa su fito da shebur su yashe kwalbatoci da magudanai. Ruwan da zai bi ta nan shi ne da ma kan shiga shaguna da zauruka. Ana kuma roƙon makanikai su daina tuttular da baƙin mai cikin lambatu, gama kwaɗo yana shaƙar iska da ruwa ta fatarsa, mai kuwa guba ne gare shi.

Wanda ya so tsallakar da kwaɗi da hannu, to, a 'yan hanyoyin unguwa kaɗai zai yi, inda motoci ba su gudu. Ya sa riga mai haske, ya riƙe tocila, wani kuma ya tsaya yana duba masa hanya. Ya ajiye kwaɗon a gefen da ya fuskanta, in ba haka ba zai juyo ya sake hawa kwalta. Bayan idon kwaɗo akwai kumburi mai fid da farin ruwa kamar madara, wanda kan yi zafi a ido da baki, don haka a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Amma fa a kiyaye wannan da kyau. Kada kowa ya taka babbar hanyar Inugu zuwa Anacha, ko bakin gadar Kwara, da sunan ceton kwaɗo, kuma kada a aiki yaro wannan aiki ko da a ƙofar gida ne. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa kada ya taka birki farat ɗaya ko ya kauce saboda kwaɗo, gama babbar mota mai kaya ba ta tsayuwa nan take a jiƙaƙƙiyar kwalta. Abin da ake nema gare shi shi ne ya rage gudu tun daga nesa in ya kusanci fadama ko gada, musamman daga magariba zuwa tsakar dare a makonnin farko na damina.