BIRI MAI RORO DA KURMIN DA KE RIƘE DA SHI

Jawabin wayar da kan jama'a da aka yi wa sarakuna, manoma, makiyaya da maharba a Kontagora, Jihar Neja



Na sani da zarar an ambaci biri a gaban manomi, ba abin da zai faɗo masa a rai sai ɓarna. Yana kuwa da gaskiya, domin jan biri da gwaggon biri sun sha hana shi barci lokacin da masara ta yi goyo. To, amma birin da zan yi muku bayaninsa yau daban yake. Ba safai yake shiga gona ba, gama abincinsa ganyen itace ne. Shi ne biri mai roro, wanda Turawa ke kira kolobas, kuma yana gab da ƙarewa a duniya.

Kamanninsa da Mazauninsa

Biri mai roro na Afirka ta Yamma baƙi ne wuluk, sai farin gashi da ya kewaye fuskarsa kamar sajen dattijo, da fari a cinyoyinsa, da doguwar wutsiya fara sol. Namiji yakan kai nauyin kilo 8 ko fiye, mace kuwa kamar kilo 7. Abin mamaki, ba shi da babban yatsa a hannu, sai ɗan dungu. Da sauran yatsu huɗun yake saƙale reshe in ya yi tsalle daga wannan itace zuwa wancan.

Mazauninsa ya faro daga Kwaddebuwa, ya bi ta Ghana da Togo da Jamhuriyar Benin, ya tuƙe a yammacin Nijeriya, watau ƙetaren Kogin Kwara daga nan. Ba a dajin kudu kaɗai yake zama ba, har ma da kurmin da kan bi bakin kogi a ƙasar ciyawa, irin wanda muka sani a nan. Yana da 'yan'uwa a ƙasarmu. Akwai wani mai farin roro a kafaɗa a Gandun Dajin Gashaka-Gumti, akwai kuma wani ja a dausayin Jihar Bayelsa, wanda masana ba su san da shi ba sai a 1993.

Yadda Yake Rayuwa

Allah ya yi wa wannan biri tumbi mai ɗakuna, kusan irin na saniya, ko da yake shi ba ya tuƙa. A cikin tumbin akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu ruɓar da ganye, su fitar masa da amfaninsa. Saboda ganye ba ya narkewa da wuri, fiye da rabin yininsa a zaune yake yinsa bisa reshe yana hutawa. Ya fi son ɗanyen toho, yana kuma haɗawa da fure da ƙwayar 'ya'yan itace.

Garke-garke suke zama, sau da yawa kamar 10 zuwa 20, manyan maza kuwa sukan yi ruri mai ƙarfi, musamman da sassafe, don sanar da maƙwabta inda suke. Mace takan yi cikin wata 6, ta haifi ɗa guda, fari fat, sai bayan kamar wata 3 ya rikiɗe ya yi kamannin iyayensa.

A nan ne rauninsa yake. Dabbar da ke haihuwar ɗai-ɗai ba ta mayar da asara da sauri. Wanda kuma abincinsa da hanyarsa da makwancinsa duk a kan itace suke, in aka sare kurmi ba shi da wurin zuwa. Jan biri ya iya sheƙawa a fili, shi kuwa wannan bai iya ba.

Abin da Ya Same Shi

Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka yi ta fitar da fatunsa dubbai daga Gwalkwas, watau Ghana ta yau, zuwa Turai don yin tufafin ado. Daga baya sai harbi don nama da saran daji suka ƙarasa aikin. A cikin kimanin shekara 30 yawansa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, har Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa shi a sahun dabbobin da suka fi kusa da ƙarewa. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka rage duk duniya ba su kai 2,000 ba. A Nijeriya kuwa ya yi ƙaranci ƙwarai, har ana tsoron ko ya riga ya ƙare.

Kada a ɗauka ƙarewa zance ne kawai. Wani jan ɗan'uwansa da ke dajin iyakar Ghana da Kwaddebuwa, rabon masana da su gan shi da rai tun 1978. Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Amma ba a fid da rai ba. A ƙauyukan Boabeng da Fiema na ƙasar Ghana, al'ada ta hana taɓa wannan biri, sa'an nan a 1975 aka ƙarfafa ta da dokar hukuma. Yau akwai ɗaruruwansu a ɗan ƙaramin kurmin da ke jikin gidajen mutane. Haka nan mutanen Kikele a Jamhuriyar Benin suna riƙe da wani ɗan garke. Watau ke nan, inda mutanen gari suka ce a'a, birin yana tsira.

Ina Ruwan Kontagora?

Ruwanmu a ciki shi ne kurmi. Gandun Dajin Tafkin Kainji, wanda shi ne gandun tarayya na farko a Nijeriya, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 5,300, kuma kashi biyu ne: na Borgu a ƙetaren Kwara, da na Zugurma a nan kusa da mu, wanda Kogin Kontagora ya bi ta gefensa. Abin da ya cinye mazaunin wannan biri a wasu ƙasashe, shi ke cin namu kurmin yau: toya gawayi, da yankan katako, da noma har gaɓar ruwa, da cinna wa daji wuta, da sassabe rassan madaci da kawo har itacen ya mutu. Madobiya kuwa an sare ta don kai wa ƙasar Sin, har a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya.

Kurmin da ke ciyar da biri, shi ne saiwoyinsa ke riƙe gaɓa kada ta zaizaye, shi ne inuwarsa ke sa ƙorama ta kai bazara da ruwa. Ran da ya tafi, mai lambu da mai shanu da masunci duk za su ji a jikinsu.

Roƙonmu Gare Ku

Na farko, manomi ya bar itatuwan bakin rafi a tsaye, ya ja da gonarsa baya.

Na biyu, makiyayi in zai yanko wa dabbobinsa ganye, ya rage wa itacen rassan da zai farfaɗo da su.

Na uku, maharba su sani Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana farautar wannan biri da kama shi da cinikinsa. Wanda ya kama ɗansa don kiwo ma asara zai yi, domin tumbinsa ba ya ɗaukar abincin gida.

Na huɗu, duk wanda ya ga baƙin biri mai farin saje da farar wutsiya, ko dattijon da ya tuna inda ake ganinsa a da, ya sanar da dagacinsa ko ma'aikatan gandun daji. Irin wannan labari yana da daraja ƙwarai.

A ƙarshe, muna roƙon iyayenmu sarakuna su sa baki, gama maganarsu ta fi mai gadi kaiwa nesa. Wannan daji amana ce muka gada, lalle ne kuwa mu miƙa ta ga na baya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.