Zafin Yaji Da Gyambon Ciki: Yaushe Ya Wajaba A Nufi Asibiti?

Ya ku 'yan'uwa na Augie da kewaye:

Da yawanmu, idan ciki ya murɗa bayan miyar kifi mai attarugu, sai mu ɗora wa barkono laifi, mu sha kanwa, mu kwanta. Haƙiƙa yaji yakan tayar da ƙwannafi, wanda galibi yakan lafa cikin yini guda. Amma ba shi ke haddasa gyambon ciki ba. A shekarar 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar da ke jawo mafi yawansa. Yawan shan asfirin da ire-irensa shi ma yana cin bangon ciki.

Saboda haka, kada a yi jinkiri idan aka ga aman jini, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko ciwo mai tsanani har ciki ya ƙandare, ko rama ba dalili. Haka nan gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, musamman da damina, alamar kwalara ce, kuma takan kashe cikin sa'o'i. A dama sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali a lita guda ta ruwan da aka tafasa, mara lafiya ya riƙa kurɓa har a isa asibiti, ko da sai an kai Argungu ko Birnin Kebbi.

Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.