Jawabi ga Malaman 'Yan Sikawut Gabanin 15 ga Janairu



Ranar 15 ga Janairu Nijeriya ke tunawa da mazan jiya, domin a ranar Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Bara mun ga 'yan sikawut ɗinmu sun ɗare dakalin tunawa da sojoji, suna ɗaukar hoto cikin raha. Laifinmu ne. Ba mu taɓa gaya musu ba cewa tun a Yaƙin Duniya na Biyu wasu kakanninsu suka kwanta dama a dazukan Bama, ko gawarsu ba ta dawo gida ba.

Mu fahimtar da yara da iyayensu cewa ba dutse muke girmamawa ba, mutanen da yake tuna mana ne. Bana mu kai su su share wurin, su tsaya cikin natsuwa, kowa ya yi addu'a bisa addininsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu.