Jawabi a kan Kyautar Kayan Masarufi a Ƙasar Ingila

An shirya wannan jawabi domin Hakimai da Malaman ofisoshinsu, don su ji wata dabara da mutanen Ingila suka yi wa talakawansu sa'ad da kaya suka yi tsada.

Tun daga ƙarshen 2021 kuɗin kaya ya fara tashi a Ingila. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren cikin watan Fabrairu na 2022 ba a jima ba, sai iskar gas ta yi tsada ƙwarai, ita kuwa da ita yawancin mutanen ƙasar ke ɗumama gidajensu lokacin sanyi. Ya zuwa watan Oktoba na 2022, abin da ake saye fam 100 bara ya koma fam 111. An yi shekara 41 ba a ga irin wannan ba. Ƙungiyar Trussell Trust, wadda ke kula da rumbunan abinci na sadaka, ta raba ƙunshin abinci kusan miliyan 3 daga Afrilu 2022 zuwa Maris 2023, fiye da miliyan 1 daga ciki na yara ne.

To, abinci kowa ya san da shi. Amma akwai wata buƙata wadda mutum ba ya iya faɗa. Magidanci in kuɗinsa ya gaza, ba zai fasa biyan haya ba, ba kuwa zai bar yara da yunwa ba. Abin da zai fara yankewa shi ne sabulu, da man goge haƙori, da garin wanki, da ƙunzugun mata da na jarirai. Yaro ya tafi makaranta da riga mai dauɗa, abokai su guje shi, gobe ya ƙi zuwa. Mai neman aiki ya rasa abin da zai yi wanka da shi, ya ji kunyar tsayawa gaban masu ɗauka. Mutum ya iya roƙon hatsi, amma da wuya ya buɗe baki ya roƙi sabulu.

Abin mamaki, irin waɗannan kaya suna nan jibge a sito na manyan kamfanoni, ba wanda ya taɓa su. Wani an sake fasalin kwalinsa, tsohon ya daina shiga kanti. Wani kwalin ne kawai ya lotse a mota, abin da ke ciki lafiya lau. Wani an yi shi ya fi kasuwa yawa. Ajiya kuwa kuɗi take ci, saboda haka sau da yawa sai a ƙone su ko a binne.

Cikin 1996 Yarima Charles, wanda ya hau gadon sarautar Ingila cikin 2022, ya kafa wata ƙungiya mai suna In Kind Direct don ta tsaya tsakanin kamfanonin nan da masu aikin taimako. Yadda take yi ke nan. Kamfani ba shi da sukunin bin ƙananan ƙungiyoyi dubbai ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya wa ke son kwali biyu, wa ke son biyar. Sai ya ba da kayan gaba ɗaya wuri guda. Can a ƙidaya, a ware, a rubuta. Ƙungiyar da ke so, ko ta gidan marayu ce, ko ta tsofaffi, ko ta matasan unguwa, sai ta yi rajista a bincika ta. In an yarda da ita, ta duba jerin kayan ta zaɓi abin da mutanenta ke buƙata, ta biya ɗan kuɗi kaɗan na ajiya da sufuri, a kai mata har ƙofa.

Wannan ɗan kuɗi wasu sun ga kamar bai dace da sadaka ba, amma akwai hikima a ciki. Wanda zai biya ko kaɗan ne ba ya ɗibar abin da ba ya so. Akwai kuma sharaɗi mai ƙarfi, watau ba a sayar da kayan. Lalle kamfanin da ya ga kyautarsa a kasuwa ana ciniki ba zai sake bayarwa ba.

A ƙasar Sikotlan kuma, cikin 2022, Gordon Brown, wanda ya yi Firayim Minista daga 2007 zuwa 2010, ya haɗa kai da kamfanin Amazon da wata cibiyar taimakon iyali a lardin Fife, suka buɗe babban sito na barguna, da zannuwan gado, da tufafi, da kayan wanka. Mabukaci ba ya zuwa ya yi layi. Malamin makaranta, ko ungozoma, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, wanda ya san gidan, shi ke rubuta abin da aka rasa, ya karɓo ya kai. Daga baya aka buɗe irinsa a Wigan, da Swansea, da Landan. Faransa ita doka ta yi cikin 2020, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu 2022, ta hana lalata sababbin kayan da ba a sayar ba.

Nan ne maganar ta shafi Hakimi. Cikin watan Disamba na 2024, ana tsananin tsada a Nijeriya, an tara jama'a don rabon abinci da kyauta a Ibadan, da Abuja, da Okija, aka yi turmutsitsi, mutane da yawa suka rasu, a Ibadan yara ne. Masu bayarwa alheri suka nufa, amma sun kira taro ba tare da sanin yawan masu zuwa ba. Tsarin Ingila bai dogara ga taro ba, ya dogara ne ga wanda ya san gida gida, da littafin da ke nuna abin da ya shigo da inda ya tafi. Sanin gidaje yana hannun Dagatai da Masu Unguwanni tun da daɗewa. Littafin kuwa aikin Malamin Hakimi ne: ranar da kaya suka zo, da sunan mai bayarwa, da yawan kwalaye, da sa hannun wanda ya karɓa.