Kemis a Kowace Unguwa: Jawabina ga Matasanmu a Dosara

Shugabanninmu na jam'iyya, iyayenmu mata, 'yan'uwana matasan Dosara da waɗanda suka taso daga Mafara, Bakura da Maradun, sannunku da zuwa.

Yau kan kemis zan yi magana. Kowa a nan ya sani, in zazzaɓi ya kama yaro da dare, ƙofar mai kemis ake fara bugawa kafin a yi tunanin babban asibitin Talata Mafara, balle yanzu da hanya ba ta biyuwa bayan magariba. To, yaya aka yi kemis ya cika kowace unguwa?

A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, ta soke lasisin shigo da kaya, ta karya darajar Naira. Asibitin gwamnati ya koma rubuta takarda, a ce maka je ka waje ka saya. 'Yan kasuwa suka cike gurbin. Magani ya riƙa shigowa daga Indiya da Sin, ya bi ta Anacha da Sabon Garin Kano, ya sauka Gusau, har ya iso gare mu. Alherin abin a fili yake: magani ya zo kusa, matasa da yawa sun samu sana'a.

Amma fa an buɗe ƙofa babu mai gadi. Sai a 1993 aka kafa hukumar NAFDAC, lokacin jabu ya riga ya cika kasuwa. Kodin kuwa sai a 2018 aka hana shigo da shi da haɗa shi, bayan ya illata yara da yawa a Arewa. Ga tiramol har gobe yana yawo. A 2023 aka cire tallafin fetur, aka sake sakin Naira, kamfanin GSK ya sanar zai tattara nasa ya nasa. Kuɗin magani ya tashi. Yau uwa rabin maganin maleriya take iya saya, yaro ya ɗan warware, cutar ta dawo.

Wasu na cewa a rufe kemis a huta. Wallahi ban yarda ba. In ka rufe na Dosara, wajen mai tallar ƙwaya a faranti cikin rana ka tura mutane. A 2024 an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, inda hukuma ke iya duba kaya. Irin wannan gyaran muke so ya iso ƙauye.

Abu uku ɓangarenmu ke nema. Na farko, hukumar PCN, wadda dokar 2022 ta ɗora wa rajistar masu kemis, ta riƙa zuwa ƙananan hukumominmu tana rajista da horarwa, kada mu riƙa ganinta sai ranar da ta zo da kwaɗo. Na biyu, gwamnatin jiha ta riƙa sayar wa masu rajista ingantaccen magani da sauƙin farashi. Na uku namu ne: mai saye ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mai kemis kuma ya daina ba da tiramol ba takardar likita, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura asibiti.

Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon bayanmu, mu tambaye shi ina ya tsaya kan waɗannan ukun, ya amsa a gaban jama'a.

Allah ya ba mu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara.