Tanki ya cika, famfo bai sani ba

A Amurka da Ingila mutum kan shayar da ciyawar ƙofar gidansa ta wayar hannu: na'ura ta duba damshin ƙasa, ta kunna famfo, ta kashe da kanta. A cikin ganuwar Kano ba mu da filin ciyawa. Damuwarmu tanki ce.

Tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ake jawo ruwan Challawa zuwa birni, daga baya aka ƙara Tamburawa, amma yau gidaje da yawa a Yakasai da Mandawari sun dogara ne da burtsatse da 'yan garuwa. A kawo wuta cikin dare, a kunna injin ruwa, barci ya kwashe maigida. Kafin asuba tanki ya yi ambaliya, lungu ya jiƙe, katangar ƙasar maƙwabci tana shan ruwa.

Maganin ba sai da intanet ba. Akwai ƙaramin makunni mai iyo a cikin tanki. Ruwa na cika, sai makunnin ya katse wutar injin. Masu haɗa wuta sun san shi. Masallatan unguwa masu burtsatse ya kamata su fara sa shi, domin tankunansu ne kan kwana suna zuba.